Ƙullin da Ya Rage a Igiyar Gwaggo

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya karɓi magani daga hannun Gwaggo, yayar mahaifina, ya komo da ƙafarsa ya faɗa mata abin da maganin ya yi masa. Wannan ita ce ƙa'idar gidanta a Urafane tun kafin a haife ni, kuma ba a taɓa ɗauke wa kowa ita ba, ko mai gari ko mai tallar goro. In mutum ya warke, ya zo ya faɗa. In bai warke ba, ya zo ya faɗa. In ya rasu, magadansa su zo. Yau kwana arba'in ke nan da muka kai ta makwancinta, Allah Ya jiƙanta Ya haskaka kabarinta, kuma cikin dukan waɗanda wannan haƙƙi ya hau kansu saura wuri ɗaya tak da bai sauke ba: wani ɗakin bincike na babban birni, wanda ya kwashi ƙunshin magani goma sha biyu daga zaurenta damina uku da suka wuce. Ni da na ƙare shekarun aikina ina rubuta haihuwa da mutuwa a biro, wato ofishin magajin gari, na ga wajibi ne in rubuta wannan ma, domin kada a manta da ita, kuma domin kada su yi zaton an manta da su.

Gwaggo ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ban ga rajistar da ta kai tata tsari ba. Igiyar rama ce doguwa, rataye a dirkar rumfarta. Duk wanda ta ba magani sai ta yanki ɗan ƙyalle daga bakin rigarsa ko gefen zanenta, ta ɗaure shi cikin ƙulli a jikin igiyar. Ranar da ya kawo labari ta kwance ƙullin, ta miƙa masa ƙyallensa. Akwai dattawa a garinmu da har yau bakin rigunansu ke da giɓi, kuma kowa ya san dalili.

Ranar addu'ar uku, mutane sun cika ƙofar gida, wasu a kan amalanke daga Maijirgi, wasu a kan babur daga Korgom. Ana cikin gaisuwar haƙuri sai surukarta, matar babban ɗanta, wadda ta yi shekaru tana yi mata daka, ta fito bakin zaure da igiyar a hannu. Ta ce Inna ta bar ƙulli tara, ta kuma bar wasiyya a zagaya da igiyar gaban jama'a, kowa ya duba ko zai gane tufarsa. Ban taɓa ganin zaman makoki ya yi tsit irin na wannan lokaci ba. Masu kuka suka dakata. Wasu suka fara gyara zama suna lanƙwashe bakin riga ƙarƙashin cinya.

Wani dattijo daga Korgom, mutum mai kwarjini wanda ba ya zama sai an shimfiɗa masa buzu biyu, ya ga ƙyallen babbar rigarsa ta Sallah. Ya matso ya nemi ya faɗa wa surukar a kunne. Ta ce masa Inna ba ta karɓar raɗa. Sai ya ce abin ya yi sauƙi. Ta tambaye shi wane abu. Ya ce abin da ke hana shi zama. Ta kwance ƙullin ta ba shi ƙyallensa, wani kuma daga baya ya ce to ai sai a janye buzu ɗaya. Liman ne kaɗai ya iya riƙe fuskarsa, shi ma da taimakon rawani.

Kafin addu'ar bakwai takwas sun zo sun faɗa. Ƙulli na tara ba ƙyalle ne a cikinsa ba. Yatsan safar hannu ne na roba, shuɗi, irin wanda ma'aikatan likita ke sawa. Zan zo kan yadda ya shiga igiyar, amma sai na fara faɗin wace ce mai igiyar.

Mace ce gajera, mai saurin tafiya, wadda ba ta shiga daji sai da gero a ƙullin zane. Ba ta saran itace ba ta yi masa sallama ba. In ta ɓare ɓawo ta gabas, ba ta taɓa yamma, sa'an nan ta shafe wurin da laka ta zuba ɗan gero a gindinsa, ta ce ko baƙo ya ci abincinka yakan bar godiya. Ta san inda kowace sabara, kalgo, ɗanya da gwandar daji suke tsakaninmu da Korgom kamar yadda na san shafukan rajistata. Kuma ba ta barin magani ya fita gidanta da fuskarsa: sai an shanya, an daka, an tankaɗe, har mai shi ba zai gane ganye ne ko saiwa ba. Takan ce wanda ya ga fuskar magani gobe shi ma boka ne, jibi kuma a yi jana'iza.

Ciwo ɗaya ne ta ce ba nata ba ne, shi ne dajin nono. Ɗiyarta ta fari da shi ta rasu, bayan Gwaggo ta shafe shekara tana gwada mata duk abin da ta sani. Ba ta taɓa yi mana zancen ba. Abin da muka gani shi ne, tun daga ranar, duk macen da ta zo mata da ƙullutu a ƙirji, sai ta lalube shi da yatsu, in ta ji shi da tauri kuma mai shi ta ce ba ya ciwo, sai ta tashi ta ɗauki mayafinta. "Wanda ba ya ciwo shi ne mugu," in ji ta. "Tashi mu tai wurin majo." Majo shi ne babban ma'aikacin likita, wato asibitin garinmu, kuma ya sha faɗa mani cewa rabin matan da ya tura Maraɗi a kan wannan ciwo Gwaggo ce ta jawo masa su da hannu.

Akwai wata Bafillata mai kawo mana kindirmo ranar kasuwa. Ta nuna wa Gwaggo ƙullutunta tana dariya, ta ce a ba ta abin shafawa, shanu na jiranta. Gwaggo ta ce to, ta shiga ɗaki, ta fito ba magani, ta kwashe ƙoren matar duka da faya-fayensu ta kulle. Ta ce ba ƙwarya ba ludayi sai ta ga takardar likitan Maraɗi. Matar ta yi zagi da Hausa, ta ƙare ta koma Fillanci, Gwaggo na zaune tana tsince wake. Daga ƙarshe ta tafi, aka yi mata aiki. Ranar addu'ar uku ta zo da ƴaƴanta maza biyu, ta yi kuka har muryarta ta dushe, da ta share hawaye kuma ta shaida wa surukar cewa cikin faya-fayenta akwai ɗaya da tsohuwa ba ta mayar ba. Aka duba aka same shi a kan tulun ruwa. Ta karɓa, ta juya shi, ta mayar kan tulun, ta ce a bar shi nan.

Masu binciken sun iso wata safiya bayan girbi, cikin farar mota. Mijin jikar Gwaggo, ɗan kabu-kabu, shi ya yi masu jagora da baburinsa tun daga Tasawa. Shugabarsu mace ce da suke kira Madam, ƴar ƙasar Mayahi, mai ladabi, wadda ta tuɓe takalmi kafin ta hau tabarma. Ba zan zalunce ta ba: ta yi bayani tsakani da Allah. Aka kira ni domin in riƙe alƙalami.

Ta ce a labo, wato ɗakin bincikensu, suna da ƙwayoyin dajin nono da suke rayawa cikin ƙananan faranta masu murfi. Za su jiƙa kowane magani su tace ruwansa, su ɗiga a kan ƙwayoyin, su duba da madubi mai ƙara girman abu ko sun mutu.

Gwaggo ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ɗiyata, cutar ce kunka kama kuna kiwo?"

"Kusan haka, Inna."

"Har da ba ta abinci?"

"Har da abinci. In ba a ba ta ba, mutuwa take."

"To ku hana ta mana," in ji Gwaggo.

Madam ta yi dariya har ta share ido, ta ce a faranti da sauƙi, a jikin mutum ne wuya. Gwaggo ta ce ai dama can nan ta nufa: abin da ke faranti ko tafasasshen ruwa aka zuba masa zai mutu, amma ba a zuba wa mace tafasasshen ruwa. Madam ta ce wannan ita ce maganar da take fama ta sa a kan ɗalibanta. Ta ƙara da cewa ko da wani ganye ya kashe ƙwayoyin, sai an duba ko yana kashe masu lafiya ma, sai an gwada a kan ɓeraye, sai shekaru sun wuce kafin a ce wa mace ɗaya ta sha. Na rubuta wannan a kaye na, littafin da nake rubutu a ciki, a ranar, yana nan.

Ta nemi ganye da saiwa ɗanyu. Gwaggo ta ƙi, bisa ƙa'idarta. Aka daidaita a kan gari: ƙunshi goma sha biyu, kowanne da lamba da suna, in wani ya nuna alama Madam ta komo a kai ta gindin itacen. Gwaggo na faɗa ina rubutawa, da kwafi biyu, na sa hannu a ƙasa kamar yadda na saba. Sai da na rufe alƙalami ta ce wa Madam:

"Cikin dawakin nan sha biyu akwai jaki guda. Na sa mashi sirdi da sunan doki. In madubinku ya ce shi ne ya fi gudu, na san irin madubin da gare ku."

Madam ta tafa hannu. Ta ce su ma haka suke yi a labo, sukan sa abin da suka san ba ya komai domin su gane ko gwajin na faɗin gaskiya, kuma ta roƙi kada a gaya mata ko wanne ne sai ta kawo sakamako. Gwaggo ta nemi bakin rigarta. Da ta ga farar riga ce ta aiki, ta ce ba za ta ɓata kayan gwamnati ba, ta yanke yatsa ɗaya daga safar hannunta ta ɗaure. Madam ta yi alkawari gaban shaidu cewa za ta komo da kanta.

A nan ne muka yi saɓani, ni da Gwaggo, wanda shi ne kaɗai tsakaninmu. Bayan motar ta tashi na ce mata ta sa na rubuta sunan ƙarya na kuma sa hannu, abin da ban taɓa yi ba ko lokacin da masu hali ke roƙona in rage wa ƴaƴansu shekaru. Na nemi ta faɗa mani lambar in gyara. Ta ce, "Sakatare, kai takarda kake tsaro, ni mata nike tsaro. Sha furarka." Ban sha ba. Na yi mako biyu ban taka gidanta ba. Ranar da na koma ta miƙo mani furar a ƙwarya ta ce ta ɗan yi tsami don ta daɗe tana jirana.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har sau uku. Na rubuta wasiƙa uku, ina da kwafinsu. Ta farko aka amsa da cewa ana kan aiki. Ta biyu aka ce Madam ta tafi ƙarin karatu waje. Ta uku ba a amsa ba. Duk lokacin da Gwaggo ta ji ƙarar mota sai ta ɗaga kai ta dubi igiyar.

Inda aka bar wuri babu labari, wani zai kawo nasa. Mijin jikarta ya haɗu da direban farar motar a tashar Tasawa, direban kuma ya ce masa ya sha jin ma'aikatan labo suna ambaton lamba bakwai a cikin mota. Iyakar abin da aka ji ke nan. Ko yabonta suke, ko kuka da ita suke, direban bai sani ba. Mijin jikar ya tuna cewa yana tsaye a zaure ranar da aka rubuta sunayen, kuma a gaban lamba bakwai an sa ganyen gwandar daji. Ya zo wa Gwaggo da fara'a, da yake abokin wasanta ne, yana kiranta uwargida, ya ce arziki ya zo har ƙofa, sai ta ba shi izini ya fara ƙullawa a leda. Ta ce masa, "Ango marar cefane, ran da ka sa sunana a leda, da muciya za ni bi ka har tasha." Ya san za ta aikata. Ya haƙura muddin tana numfashi.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Wata safiya da hantsi ta sa aka fito da ita rumfa, ta sallami kowa ta bar ni. Ta ce in matso da kaye na. Ta ce lamba bakwai ita ce jakin. Harawa ce, ganyen wake busasshe, ta ɗebo daga gaban jar akuyarta ta daka da hannunta don kada surukar ma ta sani. Ta ce in riƙe wannan amana har Madam ta komo, domin in na faɗa gwajin ya lalace. Na ce to. Sa'an nan ta kama hannuna ta ce, "Sai fa in ka ga za a cuci mace da shi. Ran nan ka faɗa, ko a kasuwa ne." Bayan kwana huɗu ta cika.

Ba a yi addu'ar bakwai ba sai da mijin jikar ya ɗaura lasifika a kan baburinsa. Ranar kasuwar Urafane yana nan yana shelar Lamba Bakwai ta Tsohuwa, wadda a cewarsa manyan likitoci suka gwada suka sara mata. Gwandar dajin da Gwaggo ta shekara hamsin tana yi wa sallama, cikin mako uku an tsige ta tas daga nan har hanyar Korgom, wasu har saiwa suka tone. Da ganyen ya ƙare bai daina sayarwa ba, kuma ban san abin da yake dakawa yanzu ba. Na yi masa magana a gida, ya ce, "Baba, ai ni ma jininta nake aure."

Duk wannan na jure ina jiran farar mota. Amma a makon jiya majo ya aiko a kira ni. Ya ce akwai wata mata daga Maijirgi, uwar ƴaƴa biyar, wadda ya laluba ya rubuta mata takardar zuwa Maraɗi. Mijinta ya riga ya sayar da tunkiya don tafiyar. Da suka zo kasuwa suka ji lasifika, sai suka sayi leda uku suka koma gida ba su ko karɓi takardar ba, suka ce ai maganin tsohuwar da ba ta ƙarya ne. Sharaɗin Gwaggo ya cika.

Na je kasuwa da kaye na, na tsaya gaban babur ɗin, na karanta wa jama'a abin da ta faɗa mani, da rana da wuri. Na ce lamba bakwai abincin akuya ce. Aka saurare ni da girmamawa. Da na gama, wani mai sayar da igiya ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfin da kowa zai ji, lallai maganin na da kyau tunda dangi sun fara ɓoye shi. Kafin la'asar ledojin sun ƙare. Na bi matar har Maijirgi a kan amalanke. Mijinta ya shimfiɗa mani tabarma, ya ba ni ruwa, ya ce ya ji bayanina, amma masu farar riga ne suka gwada, in ƙarya ne su za su faɗa. Da Gwaggo ce, da ta kwashe masu tukwane ta kulle. Ni ba ni da wannan iko.

Saboda haka, da sunan iyalan marigayiya, ina gabatar da wannan buƙata ga shugabannin ɗakin binciken da ya karɓi ƙunshin nan goma sha biyu, waɗanda kwafin takardarsu mai ɗauke da sa hannuna yake wurinsu.

Ina roƙon a binciki dalilin da ya sa alkawarin da aka ɗauka gaban shaidu ya kwana damina uku ba a cika ba, a kuma sanar da mu a rubuce. Ina roƙon a gyara layi na bakwai a takardar, a soke gwandar daji a rubuta harawa, domin sa hannuna ya daina tsayawa a ƙarƙashin abin da ba haka yake ba. Abin da ya fi waɗannan gaggawa, ina roƙon a turo Madam, ko wani da ya ga farantan da idonsa, ya zo ranar kasuwa sanye da farar rigarsa, ya karɓi lasifikar nan ya faɗa wa mutane abin da aka gani a lamba bakwai da sauran goma sha ɗayan, ko da abin da aka gani shi ne babu. Ya maimaita masu abin da aka faɗa a zauren Gwaggo, cewa faranti daban jikin mace daban. In kuwa madubinku ya nuna harawa ce ta fi kashe cutar, to ku zo da madubin shi ma, marigayiya ta riga ta faɗi ra'ayinta a kansa, akuyar kuma tana nan ga mai son ƙarin bayani.

Kada a amsa mani da wasiƙa kawai. Na tambayi surukar ko za ta kwance ƙullin in takarda ta zo da tambari, ta ce Inna ba ta taɓa kwance wa takarda ba, sai mutum ya zauna a tabarma ya faɗa da bakinsa. Igiyar na nan a dirkar rumfa, yatsan roba ya fara tsagewa saboda rana. Daga Urafane zuwa Maijirgi ba nisa a mota, kuma na roƙi majo kada ya yaga takardar matar, ya ce zai ajiye ta a kan teburinsa har ranar kasuwa mai zuwa.